Ƙodar Yaya

Ni tun tasowata bakina ne jarina. Je tasha a Gusau, layin Tsafe, ka tambayi direban da zai cusa mutum huɗu a kujerar mutum biyu kuma su sauka suna yi masa godiya, ni za a nuna maka. Na taɓa gaya wa wata tsohuwa cewa motata ta san hanya fiye da ni, in na yi gyangyaɗi ita ke tashe ni a Kwatarkwashi. Tsohuwar nan ta ce a sauke mata kayanta. Da ƙyar na lallashe ta.

To wannan bakin bai hana ƙodata mutuwa ba, duka biyun. Hawan jini ne na raina, ina ce masa ciwon alhazai, me zai yi da direba. Ƙafafuna suka kumbura, fuska ta bi, har abokan aikina na cewa in na zauna a gaba a rufe ƙofa kawai, mota ta cika. Daga nan sai wankin ƙoda. Wanda bai san shi ba, kada Allah Ya sa ya sani. A jona ka da na'ura, jininka ya fita ya zaga gari ya dawo, kai kuma kana kwance kamar buhun da aka zazzage.

Yayana manomi ne a Furfuri, shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta. Duk surutun gidanmu ni aka ba, shi aka bar shi da aiki. Maganarsa ta shekara ba ta cika mudu. Wata rana ya zo duba ni ana cikin wankin, ya zauna yana kallon na'urar nan kamar sabuwar garma ce yake son ya gane kanta. Can sai ya tambayi ma'aikaciyar jinya ko guda nawa mutum ke da su. Ta ce biyu. Ya tambaya ko ɗaya na riƙe mutum. Ta ce tana riƙewa, in lafiyayya ce. Sai ya ce, “To ni mi zan yi da biyu?”

Na ce masa ya bari, ba taya ba ce da za a ciro a but. Bai ma kalle ni ba.

Inna kuwa, mahaifiyarmu, irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba, ban taɓa ganin ta zauna hira da shi ba. In za ta yi zancensa sai ta ce “wancan”. In ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon kaji. Da aka gaya mata abin da ya ƙudura, cewa ta yi mu muka sani, ta tashi ta shiga madafa. Matar Yaya ce ta gaya mini daga baya cewa ranar tuwo biyu aka yi, na farkon ya ƙone.

Aka yi ta gwaje-gwaje, jininmu ya dace, dangi da mutanen tasha suka tsaya mana, aka yi aikin a Kano. Na farka da ƙodar Yaya a marata, gefen dama, nan ƙasan cibiya inda hannu ke iya jin ta. Fitsarin da na yi a ranar, da an tara shi da an yi noman rani a Bungudu. Ina ta murna ina cewa an gama. Likitata, wata mace mai magana a hankali wadda ba ta dariya sai ta ga dama, ta jawo kujera ta ce yanzu aka fara.

Ta ce jikin kowa na da garkuwa, wasu ƙananan sojoji ne a cikin jini, aikinsu su tare duk abin da ba na gida ba su kashe shi. Su ke hana ciwo zama. Matsalar ita ce ba su san kyauta ba. Ƙodar nan a wurinsu baƙuwa ce, ko da ta ɗan uwana ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in aka bar su za su far mata har sai ta daina aiki. Don haka zan riƙa shan ƙwayoyi safe da yamma, kan lokaci, har ƙarshen rayuwata. Wata tana hana sojojin jin kiran yaƙi, wata tana hana su hayayyafa, wata tana kwantar da kumburi. In maganin ya yi kaɗan, ƙoda ta tafi. In ya yi yawa, kowane ɗan ciwo ya same ni ƙofa a buɗe, shi kansa maganin ma ya wahalar da ƙodar. Shi ya sa za a riƙa ɗibar jinina ana auna yawansa.

Na ce, “Likita, ai na gane. 'Yan kamasho ne. Baƙuwar mota ba ta lodi a tasharmu, ko ta uban ciyaman ce. Ke kuma kin ba su abin da zai sa su gyangyaɗi don motar Yaya ta samu ta yi lodi.”

Ta ce haka ne, amma in tuna in 'yan kamasho na barci, ɓarayi ma shigowa suke. Ranar ta yi dariya kaɗan.

Sai dokoki. Ban da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ko wa ya kawo. Ban da ruwan da ba a tabbatar da shi ba. Ban da shiga rumbu, ban da share akurkin kaji. Ban da kusantar mai tari, mai ƙyanda, mai ƙarambau. Takunkumi a cikin taro. Wanke hannu har sai ya koɗe. Ni da nake cin awara a bakin kwalta da hannun da na gama duba baƙin mai, aka mayar da ni amarya.

Ƙwayoyin nan sun yi wasa da ni. Kumatuna suka cika kamar na ɓoye ƙosai, hannuna na rawa, in na miƙa wa fasinja canji sai ya ɗauka tsoronsa nake ji. Ci kuwa, har tukunya na jin tsorona. A layin asibiti na gane ba mu masu dashe kaɗai ke shan irinsu ba. Akwai wata malamar makaranta da sojojinta suka juya suna cin gaɓoɓinta, babu wani baƙo, nata jikin suke yaƙa. Akwai wani tela da nasa suka tasa fatarsa a gaba. Na ce musu nasu 'yan kamashon sun fi nawa hauka, motar gida suke fasa wa gilashi.

Da na koma tasha suka sa mini suna injin Kwatano, irin na hannu da ake sa wa tsohuwar mota. Ni ma na karɓa, ina cewa kayan Furfuri ne, garanti gare shi, gero da dawa kawai ya sani. Shekaru suka ɗan tafi haka lafiya lau. Yaya ya koma gonarsa. In na je gida ya kan tambaye ni ko ina shan magani, in ce ina sha, ya ce to. Hirarmu ke nan. Na sha shirya masa godiya mai tsawo a hanya, in na isa sai ta koma barkwanci. Shi ma bai taɓa ba ni fuskar yin ta ba.

Bayan wata kaka sai ya fara tari. Ya ce ƙaiƙayin sussuka ne. Ya ce mura ce. Ya sha citta da kanumfari, ya sha na kemis, yana ta ramewa yana zuwa gona. Lokacin ni kuma aiki ya riƙe ni, kullum ina hanyar Tsafe, ga shi ba a yarda yamma ta yi wa mutum a hanya saboda 'yan bindiga, na daɗe ban leƙa gida ba. Sai da ya fara tofar da jini sannan aka kai shi asibiti. Suka ce tarin fuka ne, kuma ya ci jiki sosai. Suka ba shi magani, ya koma gida.

Na kira Likita a waya ina kan saka takalmi. Ta ce in zauna tukuna. Ta tambayi rabona da shi, ta ce in zo a gwada ni. Sannan ta ce kada in shiga ɗakin da yake, kada in zauna mota ɗaya da shi, har sai maganinsa ya kama shi an gwada majinarsa an ga ba ya yaɗawa. Ta ce abin da mai lafiya zai shaƙa jikinsa ya danne, ni in na shaƙa zai iya bin jikina ko'ina. Kuma ɗaya daga cikin magungunan tarin ba ya shiri da nawa, korar sa yake daga jini, sai a rasa wanne za a ceta.

Sai kaina na tasha ya kawo mini dabara. Na ce mata, misali, wani abokina ne ke tambaya, in mutum ya ajiye ƙwayoyin na ɗan lokaci, 'yan kamashonsa suka farka suka wartsake, ya shiga ya yi jinyar ɗan uwansa ya fito, sannan ya mayar da su barci fa? Ni a ganina na gano abin da ya gagari masu karatu.

Ta bari na kai aya. Sannan ta ce, “Ka gaya wa abokinka, in suka farka ba tarin za su fara nema ba. Ƙodar ce a gabansu, sun daɗe suna jiran ta. Yayanka ba shi da wata da zai ƙara maka.”

Ban ajiye ko ƙwaya ɗaya ba. Na sa takunkumi na tafi Furfuri.

Kowa ya san yadda muke dubiya. Ba a tsayawa a ƙofa. Shiga ake yi, a zauna bakin shimfiɗa, a kama hannun mara lafiya, a taɓa goshinsa, in an dama masa fura a sha ludayi ɗaya a gabansa don ya ji daɗin sha. Wanda ya fi kusa shi ke fi daɗewa. An gaya musu a rage shiga, a buɗe taga, amma wa zai hana mutumin ƙauye duba ɗan uwansa. Na tarar da takalma a ƙofar ɗakin Yaya kamar masallacin Juma'a. Har mutumin da suka yi rigimar iyakar gona da shi yana ciki. Ni kuwa, mai yawo da ƙodarsa, na tsaya tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, na ɗaga murya na yi sallama kamar mai tallar gishiri.

Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta fara. Ta leƙo ta ƙare mini kallo, ta ce wa matan da ke wurin su shimfiɗa wa bature darduma, kada ƙasar Furfuri ta taɓa shi. Ta ce lokacin da ake yanka cikin yaron nan ba a ji ƙyamarsa ba, sai yanzu. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin 'yan kamasho. A tasha labarin nan na sa mutane riƙe ciki. A tsakar gidanmu ko kaza ba ta yi dariya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki Inna ce. Matar da ba ta taɓa zama inuwa ɗaya da Yaya ba, ita ce a ɗakin dare da rana, tana riƙe masa kwanon tofi, tana goge masa baki. Kunyar shekara da shekaru ta ajiye ta a ƙofa tare da takalminta. Ta fito zubar da ruwa ta gan ni. Ta ce, “Ba ka shiga?” Na ce Likita ta hana. Ta ce, “Likita ta haihe shi?” Ta wuce.

Na zagaya bayan ɗakin inda taga take, na tsaya nesa kaɗan. Ina hango shi a kwance, ya koma kamar karan dawa. Ya juyo da kai ya gan ni. Na ce masa ga ni, zan shigo. Har ga Allah ban san ko da gaske nake ba. Ya ɗaga hannu.

“Kak ka shigo min da ita nan, Auta. Na hidda ta waje, ta tsaya waje.”

Wannan maganar ita na riƙe, ita nake maimaita wa duk wanda ya kalle ni a karkace. Amma ni na san yadda na ji da ya faɗe ta. Sanyi na ji, irin na wanda aka ce ya wuce a shingen bincike. Wannan sanyin ne har yau ban gama da shi ba.

Kullum in na sauke lodin safe sai in ɗauki hanyar Bungudu zuwa Furfuri. Na kai nama, na kai ƙwai, na kai kankana da lemo har aka rasa inda za a sa. Na sa aka gyara masa gado, na kawo fanka mai caji. Duk abin da ake iya miƙawa daga nesa na miƙa. Sai in tsaya bayan taga in ba shi labarin tasha, wa ya yi faɗa da wa, wane fasinja ya biya kuɗin kujera wa akuyarsa. Wata rana na ba shi labarin tsohuwar nan da na ce wa motata na tashe ni a Kwatarkwashi. Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ina tsaye ina jin Inna na bubbuga masa baya tana salati. Taku kaɗan ne tsakaninmu. Ban yi takun ba. Daga ranar na daina ba shi dariya, in na zo sai in tsaya kawai, mu biyu shiru, kamar ya ara mini halinsa.

Sai wata hantsi matarsa ta fito da gudu ta ce numfashinsa na sarƙewa, a kai shi Gusau. Motata na ƙofar gida. Motar nan ta ɗauki amare, ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki raguna, ta ɗauki gawar mutanen da ban san sunansu ba. Aka fito da Yaya a kan tabarma, mutane suka buɗe baya, kowa ya juyo yana kallona. Na tsaya da makulli a hannu. Akwai wani maƙwabcinmu da ya taɓa tuƙin tifa. Na miƙa masa makullin, na karɓi babur ɗinsa.

Haka muka shigo Gusau, motata a gaba, ni a baya ina shan ƙurarta. Mutumin nan bai san halinta ba, giya ta uku sai an lallaɓa ta, ina ji yana murƙushe ta, ina ta yi masa tsawa cikin takunkumi ba mai ji na. Ta gilashin baya ina hango kan Inna a sunkuye.

A asibiti ma waje na tsaya. Suka yi iya ƙoƙarinsu. Bai kai ga gwajin da zai ba ni izinin shiga ba. Ranar da ya cika ina zaune a kan benci ƙarƙashin wata bishiya, ƙanin matarsa ne ya fito ya gaya mini.

Ba ni na yi masa wanka ba. A sallah na tsaya ƙarshen sahu, can gefe inda iska ke kaɗawa. A zaman makoki ana cikin addu'a wayata ta yi ƙara, lokacin magani ya yi. Na kashe ta, na ɗan jira, sannan na ciro ƙwayoyin na haɗiye a gaban kowa, don ba a jinkirta su. Goggo ta kawar da kai. Da ta yi magana da ya fi mini.

Na tambayi Likita ko rashin ƙoda ɗaya ne ya sa ciwon ya kayar da shi. Ta ce a'a, wadda ta rage masa lafiyarta ƙalau, jinkirin zuwa asibiti ne. Na yarda da ita, don ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Amma jinkirin nan ma, da ina leƙa gida da na ji tarin. Ta duba sakamakon jinina ta ce ban kamu ba, ƙodar kuma na aiki kamar ranar da aka sa ta, in ci gaba da abin da nake yi. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

Inna ba ta yi mini magana ba tsawon zaman makoki, ban da amsa gaisuwa. Bayan an yi arba'in sai ga ta a gidana a Tudun Wada, ita da ba ta son birni, ta ce hayaniyarsa na sa mata ciwon kai. Mai ɗakina ta raɗa mini cewa sai da Inna ta sa aka kai ta asibiti aka gwada ta, aka ce ba ta ɗauke da komai, sannan ta yarda ta zo. Duk da haka ta ƙi shiga falo, ta ce a sa mata tabarma a bakin ƙofa.

Muka gaisa. Ta tambayi yara, ta tambayi hanya. Can ta ce, “Wane gehe ne?”

Na ɗora hannu a marata ta dama. Ta kalli wurin, ta daɗe tana kallo, ba ta matso ba. Sannan ta kawar da kai ta koma kallon bango, yadda take yi in Yaya ya shigo gaishe ta. Ta tambaya ko na sha maganin safe. Na ce na sha. Ta ce kada in riƙa wasa da shi.

Akwai abin da nake son tambaya tun ranar benci, na kasa samun wanda zan tambaya. Na ce, “Inna, ya neme ni?”

Ta gyara mayafinta. Ta ce, “Ya tambaya ko kana waje.”

Na ce me ta ce masa.

“Na ce kana waje. Ya ce to.”

Mai ɗakina ta kawo abinci. Inna ta ce a zuba mata nata daban.